Kekena da Tudun Ƙofar Suruki

Baba Alhasan, don Allah don Annabi ka taimake ni da shawara. Kaka ta matso, ni kuwa duk lokacin da na tuna da ita sai tsoro ya kama ni.

Ni ɗan aike ne a gidan waya na Gure. Da can kanwa nake haƙa a kwari har ƙafafuna suka tsattsage. Tun shekarar da fara ta cinye gonaki Allah ya fid da ni, kuma ba na fatan komawa. Bara aka kawo keke daga Damagaram aka damƙa mini, ina raba takardu cikin gari da bariki. To, yanzu maigidanmu na wurin aiki ya ce da an gama girbi, jakar takardun Gidigir da ake ba mai raƙumi ni zan riƙa kai ta bisa keke. Sau ɗaya zai gwada ni. In na isa kafin motar Damagaram ta tashi daga can, aiki nawa ne. In ban isa ba, in ajiye keke a nemi mai jini a jika. Baba, na haura arba'in, ga iyali, ina zan sa kaina?

Hanyar Gidigir kuwa tudu ne bayan tudu. Abokina Illa, wani gardi, wato dogarin gwamnati, da ya yi soja ya ga duniya, ya ce in daina zagayawa ta kwari in zan tafi aiki, in riƙa bin tudun bayan unguwarmu kowace safiya har ƙafa ta saba. Tudun nan shi kaɗai ne mai tsakuwa, sauran duk rairayi ne, keke nutsewa yake yi.

Ga inda gizo ke saƙar. Gidan surukina, mahaifin mai ɗakina Biba, yana tsakiyar tudun nan daidai. Ba zan kama sunansa ba. Dattijo ne, da an sallame asuba yana ƙofar gida bisa buzu da tasbaha. A wurinmu ko jaki ka hau ba ka wuce suruki a bisa. Sai ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa daga gefe, ido a ƙasa. Shi kuma, Allah ya ja kwanansa, gaisuwarsa ba ta da ƙarshe: gida, gajiya, yara, awaki, ruwan bana, kai, har keken sai ya tambayi lafiyarsa! Kafin in miƙe ƙafafu sun yi sanyi, keke kuma ba ya tasuwa a tsakiyar hawa, sai in tura shi har bisa kamar mai korar jaki. Kuma ina ni ina bayyana gabansa da guntun wandon aiki? Sai na ɗora babbar riga da rawani. Ina isa na jiƙe sharkaf, zuciya na bugawa kamar ana daka a turmi. Rabin gaisuwar ma da gyaɗa kai nake amsa ta, don murya ba ta fita.

Tun saukar damina nake wannan fama, wallahi ban taɓa kai wa ƙarshen tudun nan a bisa keke ba. Ko da tsohon ya tafi Bune ta'aziyya ya yi 'yan kwanaki, a nan na riƙa sauka, don ina jin nauyin ƙofar. Mutanen unguwa sai yabona suke yi, wai ba a taɓa ganin suruki mai ladabina ba. Yabo kuwa ba zai kai jaka Gidigir ba.

Illa ya ce in runtse ido in wuce, in sara masa irin ta soja, ai Nasaran da nake wa aiki ba ya biyan ladabi. Biba da ta ji ta ce ranar da na wuce ubanta a bisa ƙarfe, in aika mata da kayanta gida. Ga wata gwaggona ta ƙara mini tsoro, wai keke shan jinin mutum yake yi, shi ya sa nake haki. Abinci ma ya daina yi mini daɗi. In ci gaba da sauka in rasa aiki, ko in wuce in rasa mutunci da mata? Tsoro nake ji, Baba, na rasa tudun dafawa.

Mai Keken Gure

*

Mai Keke, sannu da haki. Kwantar da hankalinka, abin bai kai yadda kake tsoro ba.

Illa ya yi gaskiya a abu ɗaya: tudu ne ke koya wa mutum hawan tudu. Amma batun sara wa suruki, bar shi inda ka ji shi. Illa gardi ne, gobe ana iya ɗauke shi a kai shi wani gari, kai kuwa a Gure za ka tsufa. Biba ma tana da gaskiyarta, sai dai ta tuna da wannan keken tukunyarta ke tafasa, ta rage barazana ta kama maka.

Yanzu bari in taɓo inda ke ciwo. Ka ce da tsohon yana Bune ma a nan kake sauka, wai nauyin ƙofa. Haba ɗana! Ni ma na yi surukai, ban taɓa ganin wanda ya durƙusa wa zaure ba kowa ba. Numfashinka ne ke ƙarewa a wurin, Allah kuma ya rufa maka asiri ya zaunar da dattijo daidai nan. Ba abin kunya ba ne, kowane mahayi daga rabin tudu ya fara. Amma muddin kana ɗora wa tsohon laifi, ƙafarka ba za ta ƙara ƙarfi ba.

Ga yadda za ka yi. Fara hawan a hankali, kada ka afka wa gindin tudu da gudu ka ƙare ƙarfinka tun ba a je ko'ina ba. Babbar riga da rawani ka bar su sai Juma'a. Taguwa mai tsabta, dogon wando a ɗaure a idon sawu, da hula, sun isa gaban kowane suruki. Ka sauka ka yi gaisuwarka cikakkiya, ka ɗauke ta hutu ne aka ba ka kyauta. In kun gama, ja keken har ka ɓace wa idonsa, ka karkata shi a gicciye, ka hau ka taka sauran. Kada ka ƙara tura shi har bisa, don rabin nan na sama shi ne darasin da ka yi ta tsallakewa. Ka tambayi Biba lokacin da mahaifinta ke shiga ciki ko ya tafi kasuwa, ranar nan ka gwada tudun gaba ɗaya. Ranar da cinyoyi suka yi tsami, bi ta kwari, hutu ma cikin aikin yake.

Kafin girbi, zuba gero a jaka daidai nauyin takardu ka ɗan taɓa hanyar Gidigir, da goran ruwa da dabino. Inda rairayi ya yi yawa ka sauka ka tura, ko Illa turawa zai yi. Cewa aka yi ka isa kafin mota, ba a ce kada ƙafarka ta taɓa ƙasa ba. Keke ba ya shan jini, gaishe mini da gwaggo. Amma in ƙirji ya yi maka zafi, ko ka ga jiri, ka tsaya nan take ka je asibiti wurin lokotoro. Rai ya fi jaka.

Ba zan yi maka alkawarin za ka riga mota ba, wannan na Allah ne. Amma ma'auninka na nan zaune bisa buzu. Ranar da ka iso gabansa ka amsa gaisuwar nan duka da murya, har lafiyar keke, kai ma ka tambayi awakinsa ba tare da ka ja numfashi ba, to je ka ce wa maigidanka ka shirya.

Allah ya kai ka Gidigir lafiya, ya dawo da kai ka sauka a ƙofar tsohon nan don ladabi kaɗai.

Baba Alhasan