Ba Hassoumi Ne Ya Kashe Kifin Ba

Bron, kusa da Lyon, 12 ga Mayu, 2009

Zuwa ga ƙanena Moutari,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali, da dukan mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa.

Sai na fara da gyara. Ka rubuta cewa Hassoumi masunci ya zuba guba a tafkinmu, kifi ya mutu, kuma mai gari zai kore shi ranar kasuwa. Wannan kuskure ne. Kwalbar ruwan da ka aiko ta hannun ƴar'uwarmu Fatou ta iso daga garin Sevran inda take zaune, ɗiyata Aïcha ta kai ta ɗakin gwaji a Lyon. Babu guba ko ɗigo. Takin zamani ne da kanwa suka yi yawa.

Ban gane dalili ba sai da na duba hoton gonar tattasanka, wanda ka haɗo don in yaba. Cikin taram nake, wato jirgin ƙasan cikin gari, na ƙura wa hoton ido har na wuce tashata. Moutari, buhunan yashi na gani a bakin mashigin da ke haɗa tafki da kogin Komadugu! Aïcha ta ce ka gaya mata ta waya kai ka toshe shi, wai kada kifi ya gudu kogi. Inna lillahi!

Shekara talatin na yi a aikin ruwa, ban taɓa ganin an ɗaure tafki kamar akuya ba. Ta wannan mashigi sabon ruwa ke shigowa ya wanke tsoho, ta nan kifi ke zuwa ya yi ƙwai. Shi ya sa iyayenmu ke gayyar yashe shi kowace bazara. Ka rufe shi, takin gonarka ya gangara ciki, gansakuka ta rufe ruwa, kifi ya rasa iska. Sannan za a raba Hassoumi mai ƴaƴa bakwai da garinsu.

Ka kwashe buhunan kafin ruwa ya zo. Amma ka riga ranar kasuwa zuwa wajen mai gari.

Na haɗo maka takardar gwajin, da fassararta da Hausa don a karanta a fada, da maganin idon Hajiyarmu, da hula ɗaya. Hular ta Hassoumi ce, ta ban haƙuri. Kada ka aiki kowa. Ka kai masa da hannunka, gaban jama'a.

Wassalam.

Yayanka,
Issa