Abin da ke Cikin Kwanon Jere na Uku

Zuwa ga Sharuna, inuwata a tsakar rana, sanyin randata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasata ranar ruwan farko, maigidana kuma mai rufa mini asiri,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da gero ke yi wa hadari bayan ya kwana ashirin yana kallon gabas. Kada ka yi wa rubutun nan dariya. Hannun da ya yi shi muciya ya sani, sai da ya shekara arba'in da ɗaya ya kama biro, har yau kuma layina gangarawa yake kamar akuyar da ta hango dusa. Ya garin Kongolam, ya shago? Na san kwalaben turarenka suna nan a jere, dogaye a baya gajeru a gaba. Ni kuwa tun hantsi nake neman murfin biron nan.

Kwana tara rabona da kai, amma wallahi kamar damina tara! Na san akwai waya. Sai dai maganar nan in na ji muryarka maƙalewa za ta yi, shi ya sa na ba Ya'u direba takarda.

Ka san ranar Talata autarmu Mardiyya za ta koma Kano ta sake jarrabawar Turancin nan ta baka, wadda in ba ta ci ba aikin jinyar da aka yi mata alkawari a waje zai wuce ta. Ta faɗi jarrabawar sau ɗaya, kuma tun ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Cikin abin da ake tambaya har da tsafta da kintsi: kina gyara ɗakinki, wa ya koya miki, ina ya fi hargitsewa a gidanku? Ni ce mai jarrabawa a gida. In sa tsohon tabaranka, in riƙe waya ina lura da minti biyu, in haɗe rai kamar ina jin abin da take faɗa, alhali ko kalma ɗaya ba na tsinta.

Ga laifina. Ni na tsara mata amsa. Na ce ta ce uwarta ta fi kowace mace tsafta a Daura, shara sau uku a yini, allura ma tana da mazauninta. Ta juya shi da Turanci ta haddace. Amma ka san 'yarka, tun tana ƙarama in za ta yi ƙarya sai harshenta ya sarƙe. Kullum a kan jimla ta biyu take tsayawa tana in'ina tana kallon silin. Malamarsu ta gaya mata masu jarrabawa suna gane hadda tun daga bakin ƙofa. Abin da suke so shi ne ta ba da amsa, ta kawo dalili, ta bi shi da labarin da ya faru da gaske.

Jiya da la'asar sai ta ajiye takardata ta faɗi wani abu daban. Sharu, da ka ji! Turanci yana zuba kamar indararo a watan Agusta, har minti biyu suka wuce tana yi tana dariya. Na ce, "Ke, fassara mini, me ya ba ki dariya?" Ta ce, "Inna, sai kin yi alkawari ba za ki jefe ni da mafici ba."

Ashe ni take ba da labari. Wai uwarta in ta ji sallamar baƙi, sai ta kwashe duk abin da ke ɗaki ta cusa a kwanukan jere na cikin kabad ta rufe: makulli, safa ƙafa ɗaya, guntun goro, carbi, har ludayi. Wannan ban musa ba. Amma sai ta ƙara da cewa ubanta ne ya koya mata kintsi, domin duk ranar da na tafi unguwa takan gan shi yana buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya yana mayar da komai inda yake.

Haba hasken idona! Shekara talatin? Ni da nake ganin almakashi ya koma kan ƙusa in ce albarkar gidan ce? Ni da marigayiya Hajiya Adama, mahaifiyarka, take yabo a gaban dangi, kana gefe kana cewa "aikin Ikilima ne," ina sunkuyar da kai ina karɓar yabo kamar na gada! Yanzu na gane ranar nan ta satin farkon aurenmu, da ka tsayar da ita a zaure kana ta gaisuwa, ka tambayi kaji, ka tambayi tumaki ɗaya-ɗaya. Na ɗauka ladabi ne. Ashe ƙarar murafen kwanoni kake ji daga ciki, kana saya mini lokaci. Wace bishiya ce take yi wa mutum inuwa ta kuma ɓoye masa cewa ita ce? Wane ruwa ne yake shayar da gona ya bar manomi yana yabon fartanyarsa?

To in kana buɗe kwanukan, ka san abin da ke cikin na uku. Wasiƙarka ce ta lokacin neman aure. Na ce maka na karanta ta yi daɗi, ka yi murmushi ka ce madalla. Ka sani sarai ban san ko baƙi ɗaya ba, ba ka taɓa tona ni ba, kuma kullum a ninke nake samunta a inda na bar ta. Saboda ita na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba don karanta takardar asibiti ba kamar yadda na gaya wa mutane. Sati uku na yi kafin in kai ƙarshenta. A can ƙasa ka rubuta, "Ina jiran amsa."

Ga roƙona, ya sanyin zuciyata. Ni na yafe, ta je ta tona ni a gaban mai jarrabawa, ta faɗi ludayin ma, in dai harshenta zai saki. Amma ta ce ba za ta faɗa ba sai Baba ya yarda, domin asirinka ma yana ciki, kuma ta san abin da 'yan majalisarku za su yi da labarin Sharu Maiturare yana ninke wa matarsa zani. Ka taho ranar Litinin ka ce mata ka yarda. Ka taɓa rufa mini asiri don in tsaya da ƙafata, yanzu ka bari a buɗe naka don ita ta tsaya da tata.

Ba zan yi maka alkawarin zama mai kintsi ba, 'yarka ta nuna mini ƙarya ba ta cin jarrabawa. Abin da zan iya shi ne wannan: duk abin da na mallaka na taɓa ɓatar da shi, ban da kai, kuma ba zan fara yanzu ba.

Ga amsarka, ta makara da shekara talatin. Na yarda.

Taka har ranar da za a ninke ni a ajiye,
Ikilima

Murfin biron yana cikin kwano na biyu. Na bar maka shi a can.