Inda Allurar Sikeli Ta Tsaya

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya lau, in ban da 'yarki da ta sa ni gaba.

Kin san sikelina na ratayewa, kin kuma san hannuna. In na saki kifi a ƙugiya, sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan na ciki, ya miƙe, allura ta nutsa har ta zarce nauyin kifin, a nan nake kiran nauyi in sauke kafin ta dawo. Shekara ashirin ba wanda ya ce uffan. To, Auta ta ari sikelin, wai za ta yi gwajin kimiyya ranar taron iyaye. Jiya ta rataye shi a ƙofar ɗaki da dutse, tana ja tana saki. Wai in dutsen ya kai ƙasa ƙarfin na ɓoye cikin sifirin, a tsakiya ya zama gudu, a sama ya koma tsayi. Na ce ni ma na taɓa zaman aji, ban ji ƙarfi na ƙaura kamar ɗan haya ba. Ko murmushi ba ta yi ba.

Mijinki,
Mai Kifi

Maman Auta,

Ina gaisuwa, da fatan Inna ta fara cin abinci. An yi taron, kuma da na sani da na ce zazzaɓi nake. Rabin matan da ke sayen kifina suna zaune a benci. 'Yarki ta bayyana musu cewa iska da gogayya ke shanye ƙarfin kaɗan-kaɗan har lilon ya mutu, kuma inda allura ta tsaya nan ne nauyin gaskiya. Sannan ta nuna ni da hannu, wai sikelin babanta ne, wurinsa ta koyi haƙurin jira. Aka yi ta tafi. Matar tela har da juyowa ta jinjina mini.

Yau kwana huɗu ina sakin kifi in harɗe hannu a baya, ni da mai saye muna kallon allura kamar masu jinya. Lilo bakwai take yi kafin ta tsaya, na ƙirga. Kifin da nake ƙarawa bai dame ni ba kamar wannan: ta sani ne ta rufa mini asiri, ko da gaske haka ta ɗauke ni? Don Allah kada ki tambaye ta. Ko wanne ne, gobe ma jira zan yi.

A gaida Inna.

Mijinki,
Mai Kifi