Bakancen Inna

Daren Laraba, watan Mauludi, wani ƙauye gaba da Sae Sabuwa

Barci ya ƙi zuwa. Ƙafafuna zugi suke yi, balle na Inna.

Tun asuba muke tafiya a ƙasa zuwa ziyarar kabarin Shehu, ga rana, ga rairayi. Wajen azahar na ga diddigen Inna ya tsage, har jini ya ɓata mata takalmi. Na tsayar da ɗan kabu-kabu, na ce, "Inna, don Allah ki hau." Ko kallona ba ta yi ba. Haushi ya kama ni, na ɗaga mata murya a gaban mutane, na ce wannan taurin kai ne kawai. Astagfirullah.

Ɗazu a bakin rijiya Gwaggo Hajo ta ja ni gefe. Ta ce, "Ke Rabi, bakance ta yi. Bara da kike kwance a likita, ba ki san wanda ke kanki ba, ta ce in Allah ya tashe ki, da ƙafarta za ta zo."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa mini?"

"Ke fa 'yar fari ce. Ko sunanki kin taɓa ji a bakinta?"

Ban taɓa ji ba.

Na jira sai da Inna ta kwanta, na lallaɓa na shafa mata man kaɗe a diddige. Na san idonta biyu. Ba ta janye ƙafar ba.