Duwatsun da Na Ba Sabi'u

Daren Laraba, watan Agusta, Tsanyawa

Yau na dawo daga gona na ji muryar Sabi'u, tsohon abokin aikina a jami'a, a rediyo. Wai Dokta Sabi'u ya gano iyakar da ta raba zamani biyu na tarihin ƙasa, a wani tsauni can Sakkwato. Ya bayyana yadda ƙwansunan halittun teku da suka zama dutse suka cika shimfiɗar dutse ta ƙasa, sannan suka ɓace a ta sama. Wallahi kalmomina ne. Ni na haƙo duwatsun, ni na lura da inda suka yanke. Da albashi ya tsaya na bar jami'a na dawo noma, Sabi'u ya biyo ni har zaure ya karɓi buhun duwatsun, ya ce, "Habu, in an buga binciken sunanka ne zai zo farko."

Ɗan jaridar ya tambaye shi, "Wa ya taimaka maka?" Na kasa kunne. Ya ce, "Gaskiya ni kaɗai na sha wahalar."

Matata Hadiza ta kawo tuwo, ta ce in bar wa Allah. Na bari, amma na kasa ci. Ranar da Sabi'u ya zo, da bakina na ce wa Baba wannan ɗan'uwana ne, har ya yanka masa zakara ɗayan da ya rage mana.