Hula Ta Huɗu

Garin Malam, Damagaram
Lokacin kaka

Zuwa ga Mama Maryama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ina ƙarfin jiki? Yaya ƙafar nan taki, tana barin ki zuwa majami'a kuwa? Yaya Maraɗi, yaya jikoki? Maigidana Nomau yana gaishe ki.

Mama, ranar da kika kira kika yi mana ta'aziyya ban ce miki komai ba sai godiya. Ki yi haƙuri. Wayar ta Nomau ce, in ina magana yana tsaye kusa, kuma akwai abin da ba na so ya ji. Ke kika koya mini rubutu a ajin mata, ga shi yau ya yi mini rana, ko da kuskure a ciki.

Ɗiyata Aliya ta tafi yadda yayyenta Illa da Rahama suka tafi. Palu ne, zazzaɓin cizon sauro, in ji likita. An yi mata ƙarin ruwa, ta buɗe ido ta kama bakin ɗankwalina, har na ce sauƙi ya samu. Kafin azahar ta cika. Saura kaɗan ta fara tafiya, Mama. Tana kama bango tana miƙewa. Akwai shatin hannunta a bangon ɗaki inda ta shafa kunu, har yau ban wanke ba.

Kin tuna ranar da na kai ta majami'a da hular da kika saƙa mata, mai ja da fari? Na tsaya gaban jama'a na ba da shaida, na ce Ubangiji ya share mini hawaye, wannan ta zo zama. Matan zumunta suka yi guɗa, ni da kaina na ɗauki tulun kiɗa na kaɗa. Yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ban sake taɓa tulun ba. Ranar Lahadi a bencin baya nake zama, in ana waƙa baki kawai nake motsawa.

A bakin famfo an fara ce mini wabi, mai haihuwa suna mutuwa. Ba a gabana ake faɗi ba, amma ina ji. Wata da muke cin tuwo kwano ɗaya, da ta hango ni tafe, sai ta gyara goyonta ta canza hanya. Ban ga laifinta ba.

Ga abin da babu wanda ya sani sai Nomau: ina da ciki. Da na gaya masa ya durƙusa ya yi godiya. Ni na fita bayan ɗaki na yi ta amai, ban sani ba ko laulayi ne ko tsoro. Mama, da wane baki ake komawa wurin wanda aka roƙa sau uku? Ban ce babu shi ba. Na san yana nan yana ji, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Kada ki saƙa hula tukuna. Ukun nan da kika saƙa suna ƙasan akwatina.

Ki huta lafiya.
Ɗiyarki, Lami

Garin Malam, Damagaram
Bayan Nowel, wato Kirsimeti

Mama Maryama,

Bayan gaisuwa da fatan kin ga sabuwar shekara lafiya. Yaya sanyi, yaya ƙafa? Mu muna nan, cikin yana girma.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce kada in yi wa Allah kara, in gaya masa duk abin da ke raina. Na gwada. In na durƙusa na buɗe baki, sunayen yaran ne kawai ke fitowa, daga nan sai shiru.

Innata ta zo daga Dakusa da gero da kuka, ta ce ba za ta koma ba sai na sauka. Kin san ta. Ranar da na bi Yesu dangi suka yanke ni, ita kaɗai ta ci gaba da zuwa, tana shimfiɗa tabarmar sallarta a tsakar gidana. Ba ta taɓa zagin addinina ba.

Ta zo da magana. Ta ce a ƙauyenmu, tun kakanni, in mace ta zama irina, ba a yi wa jariri maraba. Ba a ɗinka masa sabon kaya, ba a guɗa. Uwa ce za ta sa shi a ƙwarya ta kai shi juji, ta ajiye, ta faɗa da ƙarfi cewa ba ta son shi, ta juya baya ta tafi ba waiwaye. Sai wata tsohuwa ta tsince shi ta kawo kamar abin tsintuwa, a riƙa kiran shi Ajuji. Wai abin da ke ɗauke ƴaƴan, in ya ga ba a damu da wannan ba, sai ya wuce. Har ta yi magana da maƙwabciyarmu Iya Kellu, tsohuwar nan mai ƙosai, ta yarda za ta tsinta.

Nomau ya ji. Ya ce ɗansa ba shara ba ne, kuma wanda ya dogara ga Yesu ba ya wasan ɓuya da mutuwa. Inna ta ajiye kunyar surukai gefe, ta ce masa sau uku yana dogara, sau uku ita ke wankan gawa. Ya fice, ranar bai ci tuwo ba. Ya kai maganar wurin sabon fasto. Faston mutumin kirki ne, ya zo har gida ya karanta mini aya, ya ce camfi ne, in ƙara haƙuri, Allah ba ya makara. Ina sauraron shi ina kallon ƙaramin ɗansa da ya biyo shi yana guje-guje a tsakar gidana. Inna ma ta ce limamin Dakusa haka yake faɗa, amma liman bai taɓa kwana nono na zuba babu mai sha ba.

Mama, na amsa mata a ɓoye. Na ce za mu yi in Nomau ya tafi aiki garaji. Kada ki gaya wa kowa. Na san abin da za ki ce, ni ma na gaya wa kaina. Amma na jira Ubangiji a bakin gadon asibiti har gwiwoyina suka yi kanta, bai zo ba. In juji zai bar mini ɗa ɗaya ya yi tafiya a gabana, zan je jujin.

Ki yi mini addu'a, tunda ni na kasa.

Taki, Lami

Garin Malam, Damagaram
Cikin bazara

Mamana,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya zafi, yaya jiki? Allah ya ƙara miki lafiya.

Na sauka a matarnite, asibitin haihuwa, namiji. Ƙarami ne ƙwarai, yana da kunnuwan Nomau.

Kwana uku da dawowarmu gida, da safe, Nomau ya tafi garaji. Inna ta wanke ƙwarya ta shimfiɗa tsumma. Na ɗauke shi muka zagaya zuwa jujin bayan unguwa, inda awaki ke tonon leda. Iya Kellu tana laɓe bayan katanga. Na ajiye ƙwaryar. Bai yi kuka ba, hannu kawai ya miƙa sama yana lalube.

Saura in faɗi maganar in juya. Inna tana ta yi mini alama da ido. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Na tsaya ina tambayar kaina, wa zan ruɗa? In Allah ne ke karɓar ƴaƴana, ya san ina son wannan fiye da raina, ba a yi masa wayo. In kuwa ba shi ba ne, ina yake ake ɗauka? Amma ba wannan tunanin ne ya hana ni ba, Mama, kada ki yaba mini. Na ga dai in ya tafi kamar ƴan'uwansa, zai tafi ya ji uwarsa ta ce ba ta son shi. Su ukun nan, duk abin da suka rasa, ba su ji wannan ba.

Na sunkuya na ɗauke shi. Na ce masa ina son shi, da ƙarfi, har awakin suka ɗaga kai. Duk mai ji ya ji, na sama da na ƙasa.

Inna ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ta ce na nuna shi, na kira masa abin nan mai ɗauke ƴaƴa da hannuna. Washegari ta ɗaure kayanta ta koma Dakusa, ta ce tsufanta ba zai iya wanka na huɗu ba. Ban riƙe ta a rai ba. Ita kaɗai ta rage mini a dangi, ita ma ta tafi. Iya Kellu ce ke zuwa tana dafa mini ruwan wanka.

Na gaya wa Nomau duka. Ya ce bangaskiya ce ta yi nasara, yana so in ba da shaida ranar Lahadi. Na ce a'a. Ba ni da shaida. Ban ji wata salama ta sauko mini ba. Tun jiya yaron ba ya kama nono sosai, jikinsa da ɗumi. Mun kai shi likita, an ba da magani, an ce mu jira mu gani. Jira kuma, Mama. Ina zaune da shi a cinya ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Addu'ar da na iya ɗaya ce yanzu. Ina ɗaga shi kaɗan in ce, ga shi, ka gan shi, ban ɓoye maka shi ba. Ban san ko wannan addu'a ce ba. Ban san abin da zai yi da mu ba.

Nomau ya sa masa suna Mai Nasara. Ni har yanzu ban iya kiran sunan ba.

Yanzu ki saƙa hular. Amma kada ki yi ta jarirai, ina da uku. Ki yi babba, daidai kan yaron da ke tafiya da ƙafarsa. Ban ce zai sa ba. Ki dai saƙa, ki aiko, zan rataye ta a ƙusa inda zan riƙa ganin ta.

Ki gaida mutanen gida duka.

Ni ce ɗiyarki,
Lami