Maraƙar da Aka Haifa a Hayin Dahome

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu rajistar shanun Gudali,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da barka da samun mulkin kai. Ni makiyayi ne a Kaoje, ƙasar Bagudo, kuma kuka na kawo, amma yabon gwani ya zama dole.

Na farko, da kuka buɗe littafinku ga kowace saniya, na ji daɗi har raina. Kuka ce ko marar asali ce, in aka yi mata barbara da bijimin Gudali mai rajista, aka yi wa 'yarta, aka yi wa jikarta, to ta huɗu za ta shiga babban littafi a matsayin Gudali tsantsa. Wannan adalci ko a tsakanin mutane yana wuya. Ni da Guntuwa na fara, wata 'yar keteku, irin gajerun shanun nan, da mahaifina ya bar mini, wadda in ta shiga gamba sai ƙahonta ake hange. Maƙwabta sun sha dariya ranar da na ja ta zuwa wurin bijiminku. Yau jikokinta na ɗauke da tozo, masu dariyar kuma suna zuwa tambayar hanya.

Na biyu, ga kukan. Bana Kwara ta cika ta shanye fadama, muka kora shanu tudu wajen Dahome, kamar yadda kakanninmu suka saba. A can jikar Guntuwa ta haifi maraƙa, ita ce ta huɗun da na tsufa ina jira. Dokarku ta ce sai malaminku ya ga maraƙi a makon haihuwa kafin ya sa masa lamba. Malamin mutumin kirki ne, ya tako keke har bakin iyaka, aka ce ba zai ƙetare ba sai da takarda. Da muka dawo ya shafa bayan maraƙar, ya yaba, ya ce lokaci ya wuce, hannunsa a ɗaure yake. Ban ga laifinsa ba, amma abin ya yi mini zafi. Littafin da ya karɓi Guntuwa bai tambayi garinsu ba, shi ne ya rufe wa jininta ƙofa saboda ruwa ya kore mu.

Na uku, roƙona. Abin da dokar ke nema shi ne a tabbatar da uwa, kuma shaidar na nan da ranta. Saniyar nan ba ta yarda maraƙin wata ya kusanci nononta, sai ta kai masa harbi. A ba malamin izini ya zo da safe lokacin tatsa, a saki maruƙa duka, ya ga wadda za ta lasa. Sai dai a hanzarta, ranka ya daɗe, don uwar ta sake ɗaukar ciki, ta kusa yaye maraƙar. Ranar da ta harbe ta, ba ni da sauran shaida.

Allah ya ƙara maka girma, ya albarkaci garkenka da wannan littafi.

Wassalam.

Jaɓɓi Manuga, Kaoje